Mai Faɗi a Baya, Siririya a Gaba

"Ƙasa! Kowa ya kwanta ƙasa!"

Kowan nan mutum ɗaya ne. Dattijo ne mai furfura a gemu, tsugune a inuwar kamiyonsa, babbar motar kaya, yana fifita gawayin shayi. Amma Illi, shugaban 'yan fashin, ya yi kwana uku yana gwada wannan tsawa a cikin duwatsu, ba zai rage mata komai ba don ya tarar da mutum guda.

Tau! — ya saki harsashi sama. Harsashi biyar gare shi duk duniya, ga ɗaya ya tafi neman gajimare.

Attaher direba ya ajiye mafici. Ya dubi bakin bindiga, ya dubi butarsa da ta kife.

"Ai a ƙasan nake," ya ce.

"Rufe baki! Mano, hau!"

Mano, wani ƙato mai wuyan bijimi, ya ɗare bayan kamiyon ya farke tamfol da wuƙa. Buhunan shinkafa, gwangwanayen kifi, gangar isansi, wato man mota. Ya ture su gefe.

"Shef! Ga su! Akwati shida!"

Nakiya ce, ta fasa dutse. Shekarar 1959 ake, saura kaɗan Nasara ya naɗe tutarsa. Arlit a lokacin rijiya ce da iska, sai tantunan wani kamfani da ke haƙa ramuka yana neman wani dutse da ba wanda ya san amfaninsa sai su. Duk sati biyu Attaher ke kawo musu kaya daga Agadas, kuma duk zuwa sai ya tsaya a wannan kori, busasshen rafi mai itacen ƙaya uku, injin ya huce, shi ya sha shayi. Illi ya ji an ce can arewa, inda ake yaƙi da Faransa, ana neman nakiya ruwa a jallo. Iyakar abin da ya sani game da yaƙin ke nan.

Na ukunsu bai sauko ba. Yana zaune cikin tsohuwar motarsu Doj, ya ja rawani har ƙasan ido.

"Kawo ta da baya!" Illi ya daka masa tsawa.

Mai rawanin ya taka — vum! vum! — ya ba ta wuta sau biyu, sannan ya sa giya. Motar ta silalo ta tsaya daidai bakin kamiyon, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninsu ba.

Attaher ya ɗaga kai a hankali.

"Rhissa," ya ce. "Har yanzu sau biyu kake ba ta wuta?"

Rawani yana ɓoye fuska, amma ba ya ɓoye ƙafa. Shekara takwas Rhissa ya yi a hannun Attaher yana koyon tuƙi. Ya ci tuwon gidansa, ya kwana a zaurensa. Shi ya faɗa wa Illi korin, da ranar, da lokacin shayin. Ya gaya wa kansa cewa ba wanda za a taɓa. Irin maganar da matsoraci ke yi wa kansa ke nan in yana son ya ci amana kuma ya yi barci.

Bari in ɗan koma baya, don gara ka san wautar kafin ka ga inda ta kai su.

Illi tsohon gardi ne, dogarin gwamnatin Nasara. An kore shi daga aiki don ya sayar da raƙumin gwamnati ya ce kura ta cinye, har da sirdi. Abu ɗaya ya koya a aikin: a ƙasar Azbin ɓarawo ba jandarma yake tsoro ba, mai bin sawu yake tsoro. Akwai tsofaffin da za su dubi rairayi su gaya maka raƙumin wa ya wuce, da ranar da ya wuce, da ko mai shi yana da tari.

Kwana goma kafin fashin, rana tsaka, ya tara mutanensa a wani kango bayan majemar Agadas. Mano ya mirgino tayoyi biyu sababbi, masu faɗi, irin na motocin kamfanin. Ya sato su ne lokacin da yake lebura a sansanin. Huɗu aka aike shi ya kawo, biyu ya iya ɗauka.

"Ɗaura su a baya," in ji Illi. "Sirarenmu su zauna a gaba."

Rhissa ya zagaya tayoyin, ya auna tsayinsu da hannu. "Shef, wanga ba zai yi ba."

"Saurara, kai mai kan jaki." Illi ya tsuguna ya ja layi a ƙasa da ɗan yatsa, sannan ya bi layin da tafin hannu ya shafe. "Ka gani? Ta baya tana bin ta gaba. Mai faɗi ta taka sawun siririya, ta cinye shi. Mai bin sawu zai ga mi? Sawun motar Nasara. Irinsa ɗari ne a filin Arlit. Ya zaɓi ɗaya ya bi har Makka!"

Mano ya bushe da dariya. Dariya dai ba ta yi masa wuya.

"Shef, abu biyu," in ji Rhissa. "Masu faɗin sun fi tsayi. In na sa ƙafa huɗu su ja tare a rairayi, ba komi, rairayi na yafewa. Amma a tsandauri na gaba da na baya ba za su daidaita ba, ƙarfen da ke haɗa su zai yi ta murɗewa har ya karye. Na biyu, a miƙe ne kawai ta baya ke bin ta gaba. In na juya kan mota, kowace ƙafa da nata sawu. Kuma ta gaban hagu tana da faci mai ƙusa huɗu. Duk Agadas an san shi."

"To kar ka juya!" Illi ya miƙe yana kaɗe riga. "Hamada ce, ba kasuwa ba. Ka miƙe kamar igiya."

Maganar farko kuwa ko shiga kunnensa ba ta yi ba. Rhissa ya ɗauko sifana, ya ɗaura tayoyin da hannunsa, ya ɗaure kowane noti tamau.

To, mu dawo kori.

Illi ya dubi Attaher, ya dubi Rhissa, sai murmushi ya bayyana a idonsa. Wani sabon wayo ya faɗo masa, kuma ba abin da ya kai wawa haɗari in ya ji wayo ya zo masa.

"Madalla da ka gane shi, tsoho. Mano, ɗaure shi! Da mu zai tafi."

"Shef, ba haka muka yi ba," in ji Rhissa.

"Yanzu haka muka yi. Nasara zai zo, ba kaya, ba direba, ga sawun motar kamfani. Zai ce mi? Direbansa ya haɗa baki da wani sun gudu. Gobe in mun wuce rairayi mu sauke shi inda ko ungulu ba ta zuwa."

Suka loda akwatunan. Suka jefa Attaher a kai, hannu da ƙafa a ɗaure. Mano ya karyo reshen ƙaya ya share inda motar ta juya. Vum! vum! — suka miƙi arewa.

Abin da Rhissa bai sani ba shi ne, wannan tafiyar Attaher ya zo da matarsa. Mina za ta karɓi aikin dafa wa leburorin sansani abinci, kuma ta zaga bayan duwatsu neman itace kafin ƙarar bindiga. Tana kwance a can rub da ciki, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, har ƙarar motar ta ɓace. Ta ga komai, ta kuma ji sunan da mijinta ya kira.

*

Sai azahar wata motar kamfani ta tsinci Mina a hanya. Kafin la'asar Ajidan, hafsan jandarma, ya iso korin da jif, da sojan raƙuma uku. Nasara ne ja, gajere, wanda ya shekara biyu a Azbin bai koyi komai ba sai kalmar "maza". Ya dubi ƙasa sau ɗaya.

"Sawun kamfani," ya ce da Faransanci. "Direban ne ɓarawon. Na daɗe ina zarginsa."

Bai taɓa jin sunan Attaher ba sai yau.

Amumun ne ya fassara wa Mina. Tsohon sojan raƙuma ne, busasshe, idonsa ɗaya ya yi fari, shi ne mai bin sawun rundunar.

"Ɓarawo?" Mina ta dafe ƙirji. "Baba, ka gaya wa wanga jan kunne, shekara ashirin mijina na jan motocinsu ko ƙwayar sukari bai lasa ba! A ɗaure suka jefa shi kamar rago! Rhissa ne ke tuƙi, Rhissan da na ciyar da hannuna!"

"Me ta ce?" in ji Ajidan.

"Ta ce ba shi ba ne, mon Ajidan."

"Matarsa ce. Me kake so ta ce?"

Amumun ya juya ga sawu. Ya bi inda aka share da ƙaya, ya yi tsaki. Wanda ya share rairayi ai ya faɗi cewa yana da abin ɓoyewa. Amma da ya fita daga korin ya hau fili, sai ya tsaya. Masu neman dutse sun yi wata shida suna yawo a nan. Sawun taya mai faɗi ko'ina, gabas da yamma, sabo da tsoho, duk zane ɗaya, iska kuma ta fara lasarsu. Wayon Illi ya ci rabin hanya, dole a faɗi gaskiya.

"Mu shiga fili mu duba," in ji Amumun, ya hau kan hancin jif ya zauna.

Mina ta riga kowa hawa baya, rungume da salkar ruwa. Ajidan ya ce a sauke ta. Sojojin suka dube ta, suka dubi juna, ba wanda ya motsa.

"Maza!" in ji Ajidan, suka tafi da ita.

*

Awa guda Rhissa ya yi yana tuƙi a miƙe kamar yadda aka umarce shi. Illi na gefensa, bindiga a kan cinya, yana ba da labarin yadda za a riƙa kiran sunansa daga nan har Tamanrasset. A baya Mano ya zauna kan akwati, ya ɗora ƙafa a kan Attaher.

"Shef," in ji Rhissa, "gobe in mun sauke shi, a bar masa salka guda."

"Don ya rayu ya kai sunanka ga Nasara? Ka yi tuƙinka."

Kada ka ɗauka Rhissa jarumi ne. Jarumi da a kangon Agadas ya jefar da sifana. Abin da ya faru kawai shi ne ya tuna wata rana a hanyar Ingal da zazzaɓi ya kayar da shi, Attaher ya ba shi sauran ruwan da ke salka, shi kuma ya tsotsi tsakuwa har suka isa. Tunanin ya ƙi wucewa. Kunya ta kama shi, irin wadda ke zuwa bayan an riga an yi ɓarnar.

Ya murɗa sitiyari hagu — ya dawo dama!

Motar ta yi tangaɗi. Kan Illi ya bugi ƙarfen ƙofa.

"Mi ne ne?!"

"Dutse, Shef."

"Ban ga dutse ba!"

"Ya nutse a ƙasa. Haƙorinsa kaɗai ya fito."

A baya Attaher ya gane. Shi ya koya wa wannan hannu tuƙi, ya san ba ya kauce wa abin da babu. Tun a kori ya lura da tayoyin, ya san abin da ke bayyana a ƙasa in aka juya. Sai ya buɗe baki.

"Jaki!" ya yi ihu. "Shekara takwas ina koya maka, har yau ba ka iya riƙe kan mota ba! Ka ga dutse tun daga nesa mana, makaho ɗan makaho!"

Illi ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Ƙara masa, tsoho! Ƙara masa!"

Aka ƙara masa kuwa. Duk bayan ɗan lokaci sai Rhissa ya kauce wa wani dutse, Attaher ya zage shi tas, Illi ya yi dariya har da hawaye. Ya ji daɗi ƙwarai da ya gano cewa direbansa bai iya tuƙi ba, don mutum irin Illi ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ga wani ya kasa. Zagin Attaher kuwa rabi dabara ne, rabi daga zuciya ya fito, kuma Rhissa ya san haka.

Suka faɗa rairayi mai laushi. Motar ta fara nutsewa. Rhissa ya ja ɗan ƙarfen da ke sa ƙafa huɗu su ja tare, ta yi gurnani ta fita. Gaba kaɗan rairayin ya ƙare, suka hau tsandauri mai baƙar tsakuwa, shimfiɗe har iyakar gani. Hannun Rhissa ya tafi zai mayar da ƙarfen, don a nan ne ake mayar da shi.

Illi ya buge hannun. "Bar shi! Haka ta fi ƙarfi. Ba ka ji yadda take ja ba?"

Rhissa ya dube shi. An gaya wa mutumin nan da Hausa, rana tsaka, a kangon Agadas.

"To, Shef," ya ce, ya ƙara wuta.

Ba da daɗewa ba wani siririn kuka ya fara tasowa daga ƙarƙashin motar. Attaher ya ji shi ta cikin haƙarƙarinsa. Ya rufe ido, ya ci gaba da zagi.

*

"Tsaya!" Amumun ya ɗaga hannu daga kan hancin jif.

Ya diro ya tsuguna. Sawu biyu masu faɗi sun zo a miƙe, sai suka lanƙwasa, kuma a cikin lanƙwasar ga wasu biyu sirara sun leƙo daga ƙarƙashinsu. A kan na hagu, ɗigo huɗu, ɗigo huɗu.

"Ƙusa huɗu," in ji Mina daga bayansa. "Facin mijina ne. Shi ya koya wa Rhissa."

Amumun ya duba ko'ina. Ba dutse, ba rami, ba ko kashin raƙumi. Ya hau, suka ci gaba. Ga wata lanƙwasa. Ga wata. Duk inda sawun ya shiga cikin na kamfani zai ɓace, sai ya karkata ya nuna kansa.

"Mon Ajidan," ya ce, "wanga direba ba kauce wa komi yake ba. Kiranmu yake."

Ajidan ya leƙa, bai ga komai ba sai ƙasa. Ya gyara hula.

"Haka na yi tsammani tun farko," ya ce. "Maza!"

*

Rana ta karkata yamma lokacin da abin ya faru.

Ƙaƙaƙaf! — wani ƙarfe ya fashe a ƙasa, ya daki cikin motar, ƙafafun gaba suka cije. Mano ya wuntsila kan akwatuna. Doj ta ja ciki ta tsaya, ƙura ta rufe su.

"Mi ya faru?! Tada ta!"

"Ta karye, Shef."

Illi ya fito yana zage-zage. Akwai wani tudun dutse kusa, ya hau don ya duba ko ana bin su. Bai ga ƙurar kowa ba. Abin da ya gani shi ne sawunsu, rana ta haska shi daga gefe, ya fito sarai har ƙarshen fili. Ya tafi yana lanƙwasa kamar sawun maciji, kuma a kowace lanƙwasa layi huɗu ne. Filin kuwa sumul, ko dutsen da za a jefi kare babu.

Ya daɗe a tsaye. Kwanyar Illi ba ta da sauri, amma ta iso.

Ya sauko a hankali.

"Rhissa. Zo ka nuna mini dutsen."

Rhissa ya fito daga mota. Ya kwance rawaninsa, ya bar fuskarsa a fili. Bai dubi Illi ba, bayan motar ya duba.

"Maigida," ya ce, "ka yafe..."

Tau!

Ya faɗi a jikin tayar gaba, ya zame ƙasa. Harsashi na biyu ke nan.

Sai da ƙarar ta mutu Illi ya tuna cewa shi bai iya tuƙi ba, Mano ma haka. Ya kashe direbansa a tsakiyar hamada, kwana biyu daga rijiya mafi kusa. Ya juya ga dattijon da ya yi niyyar jefarwa.

"Kwance shi. Tsoho, gyara ta, in ba haka ba ka bi yaronka."

Attaher ya murza wuyan hannunsa. Ya dubi gawar sau ɗaya, ya kau da kai, ya shiga ƙarƙashin mota. Kallo guda ya gane ciwon. Sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba ce ta karye ta maƙale. Noti takwas za a kwance a jefar da ita, motar ta tafi da ƙafafun baya. Aikin shan shayi ɗaya ne.

"Babban aiki ne," ya ce daga ƙasa. "Sai an ɗaga ta an cire ƙafar baya."

Illi bai san gaba daga baya ba. Ya sa Mano ya ɗaga ta da jak. Attaher ya cire tayar baya mai faɗi ya jingine ta, ya koma ƙasa ya riƙa kwance duk abin da ke da noti, yana jera su a kan tsumma da natsuwa. Yana yi yana tone ƙasar da ke ƙarƙashin bayansa da sifana, wai don ya sami wurin juyawa. A haka suka kwana.

Gari na wayewa Illi ya farka ya ga ba Mano, ba salka. Can nesa ga ƙaton yana sauri arewa, salkuna biyu a kafaɗa.

"Mano! Ɗan iska! Dawo!"

Tau! — ya kuskure. Tau! — wannan ya samu, amma ba Mano ba. Salka ɗaya ta fashe, ruwa ya zubo masa a baya. Mano bai ko waiga ba, ya ƙara sauri.

Saura harsashi ɗaya. Daidai nan Illi ya ji ƙarar inji daga kudu. Ƙura ce ke tasowa, tana bin lanƙwasar sawun ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ma da kai!" ya yi wa Attaher kururuwa. "Tun jiya wasa kake da ni!"

Ya durƙusa a gefen da aka cire tayar, ya zura hannu da bindiga ƙarƙashin mota yana laluben tsohon. Attaher ya mirgina cikin ramin da ya tona, ya tattara ƙarfinsa — ya shuri jak!

Rim! Motar ta zauna. Bindigar ta tashi, harsashi na biyar ya shige ƙasa. Ƙarfen ƙafar baya ya danne hannun Illi daga gwiwa, ya kwarma ihun da ya fi tsawarsa ta kori nisa.

A haka jif ta same su. Shugaban 'yan fashin Azbin yana kwance kunci a tsakuwa yana kiran uwarsa, tayar da ya sa aka sato jingine kusa da kansa. Attaher ya rarrafo ta ɗaya gefen, baƙi ƙirin da mai. Mina ta diro tun jif ba ta tsaya ba. Ta kwance bakin salka ta kafa masa.

*

Ga abin da aka samu. An tsinci gawar Mano bayan kwana uku, salkar da ta rage a bushe a ƙarƙashin kansa. Likitan Agadas ya yanke hannun Illi, ya tafi kurkuku da ɗayan, yana gaya wa duk wanda zai saurara cewa dabararsa ba ta da aibi, direba ne ya ɓata ta. Ajidan ya rubuta wa manyansa cewa shi ya gano sawun, aka yaba masa. Kamfani ya karɓi akwatunansa shida, sannan ya sallami Attaher daga aiki, wai ta bakin yaronsa ne aka san hanyar. Ba wata takarda da ta ambaci lanƙwasa ko ɗaya.

Amma wannan duk daga baya ne. A safiyar nan akwai gawa a ƙasa, kuma Ajidan na duba agogo.

"A jefa shi bayan mota," ya ce. "Ko a bar shi, duk ɗaya."

"A nan zan rufe shi," in ji Attaher.

Shi da Amumun suka haƙa da shebur ɗin jif. Ƙasar ta yi tauri, ramin bai yi zurfi ba. Suka yi masa salla su biyu, sojojin uku suka bi bayansu. Mina na tsaye nesa, ta juya baya.

"Ki matso mana," in ji Attaher.

"Ba ni zuwa. Shekara takwas yana cin tuwona, ya sayar da kai a kan akwati."

"Da safe ya sayar. Da yamma ya fanso."

"Kai ka riƙe yamman," ta ce. "Ni safen na gani da idona."

Ba ƙarya ta yi ba kuwa.

Babu manyan duwatsu a filin da za a yi wa kabarin alama. Amumun ya mirgino tayar nan mai faɗi da ke jingine. Ajidan ya daka tsawa cewa kayan kamfani ne, a mayar.

"Ya kwantar da hankalinsa," in ji Attaher. "Ba ita nake so ba."

Ya ɗauki sifana ya tsuguna gaban tayar gaba ta hagu, siririyar nan mai faci. Notunan sun ɗauru tamau, yadda ya koya wa mai ɗaurin, sai da ya hau sifanar da ƙafa kafin suka saki. Ya mirgina ta da kansa, tana barin ɗigo huɗu, ɗigo huɗu a ƙasa, har kan kabarin. Ya kafa ta a tsaye, ya tara mata tsakuwa.

"Jaki," ya ce a hankali, ya share ido da bayan hannu. "Tun a Agadas ya kamata ka juya."